Malam Shitu Mai Gyaran Insha'i da Kunne

Idan ka je Kiru ka tambayi dattawan da suka yi boko tun zamanin Turawa wanda ya koya musu rubuta insha'i, da yawansu ba malamin aji za su ambata maka ba. Malam Shitu Akawu za su ce, sannan su ƙara maka da cewa bai taɓa ganin rubutun ko ɗaya daga cikinsu ba.

Asalinsa mutumin Ƙofa ne, ta ƙasar Bebeji. Mahaifinsa manomi ne mai 'ya'ya maza da yawa, saboda haka da dagaci ya zo neman yaran da za a sa a elementare bai yi musu ba, ya miƙa Shitu, wanda dama fartanya ba ta karɓe shi ba. Kan yaro ya ja, ya wuce makarantar Midil a Kano, daga nan ya sami aikin akawu a wani kamfanin haƙar kuza a Riruwai. Shi ke rubuta rahoton wata da Turanci, kuma an ce Baturen wurin hannu kawai yake sawa, ba ya gyara komai. Ya sayi keke, ya auri Turai, 'yar wani majemi a Kiru, mace mai kazar-kazar wadda ba ta ɓoye abin da ke bakinta.

Ciwon ya faro ne da ƙaiƙayin jiki, sai dundumi, sai wani duhu da ya riƙa cin ganinsa daga gefe. Irin ciwon nan ne da ke kama mazauna bakin rafuka a ƙasar Doguwa. Aka kai shi asibiti a Kano, likita ya ce an makara. A shekarar 1954 kamfani ya sallame shi, Turai ta kwaso shi suka dawo Kiru, kusa da danginta. Ita ta kama yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shi kuma ya zauna a zaure yana tufkar igiyar rama. Bai kai shekara arba'in ba, amma ya maida kansa tsoho. In ba masallacin da ke jikin gidan ba, wanda yake zuwa yana dafa bango, ba ya leƙa ko'ina. In wani ya kira shi Akawu sai ya yi kamar bai ji ba.

Wajen ƙarshen damina ta 1956 wasu samari biyu suka yi sallama a zauren. Ɗaya Habu ne, ɗan wani maƙwabcinsu mai ɗinkin hula. Ɗayan Dikko, ɗan Fulanin wata ruga da ke kusa da Ƙafin Maiyaki. Tare suka gama siniya firamare a birni, tare suka zauna jarrabawar shiga kwalejin horon malamai, tare kuma suka faɗi. Lissafinsu ba laifi, insha'in Turanci ne ya kayar da su. An ce musu suna da damar sake zama sau ɗaya. Suka dawo gida suna noma suna rubuce-rubuce, ba mai dubawa. Da suka je wa malamin elementaren garin sai ya faɗa musu gaskiya, ya ce aji huɗu ne a kansa shi kaɗai, kuma akwai wanda ya fi shi Turanci nesa ba kusa ba yana zaune yana tufka a bayan masallaci.

Bayan sun gaisa Habu ya faɗi abin da ke tafe da su. Malam Shitu bai saki igiyarsa ba.

Ya ce, "Takarda kuka kawo wa makaho ya duba? Wa ya aiko ku ku yi mini ba'a?"

Habu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ba'a ba ce. Ba mu da wani ne."

Ya ce, "Ni ma ba ku da ni. Ku gaida gida."

Turai na daga ciki tana matsar tunkuza, duk ta ji. Ta leƙo da hannu jage-jage da mai ta ce, "Malam, ido ne ya tafi, na sani, ni na raka ka asibiti. Kunnen kuma yaushe ya bi shi ban ji labari ba? Kai Habu, karanta masa. In ya ga dama ya toshe."

Habu ya buɗe takarda ya fara. Kan maganar shi ne ranar kasuwa a garinmu. Bai yi nisa ba Malam Shitu ya daina tufka. Da aka kai wurin da jirgin ƙasa ya iso cike da 'yan kasuwa, mata suna sayen furanni, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya. Wace kasuwa ce wannan?"

"Ta Kiru, Malam."

"Yaushe aka shimfiɗo dogo zuwa Kiru? Furen me ake sayarwa, na kabewa?"

Dikko ya ƙunshe dariya. Habu ya amsa cewa a littafin karatunsu ya ga irin wannan, ya haddace. Malam Shitu ya ce mai duba jarrabawa ya karanta littafin nan tun kafin a haife su, kuma yara ɗari za su kawo masa jirgin nan. Ya juya ga Dikko ya ce shi ma ya karanta nasa. Na Dikko layi kaɗan ne: kasuwa tana da girma, mutane suna da yawa, ya yi murna, ya koma gida.

Malam Shitu ya ce, "Kai kuma ka je ka dawo ba ka ga kowa ba. Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki ku tafi ku biyu. Kowa ya zaɓi mutum guda ya tsaya kusa da shi har la'asar. Ku rubuto mini abin da ya yi da abin da ya ce. Ban ce na karɓe ku ba, ji kawai nake so in yi."

Ya karɓe su ɗin. Kullum suka taso daga gona, bayan azahar, suna zauren. Yadda yake gyaransa kuwa, ba wanda ya koya masa. In mai karatu ya shiga doguwar jimla har numfashinsa ya ƙare, sai ya ce, "Inda ka shaƙi iska, nan aya take, sa ta." In aka fara labari da jiya aka faɗa yau ba dalili, sai ya buga sandarsa a ƙasa, sai mai rubutun ya gano da kansa. Kalmar da yake shakkar rubutunta sai ya sa a faɗo masa baƙaƙenta ɗaya bayan ɗaya. Habu mai son manyan kalmomi ne, yakan tsinto su a ƙamus ya jera. Malam yakan ce masa, "Faɗa mini da Hausa me kake nufi a nan." In ya kasa, a soke. Dikko kuwa kunya ce damuwarsa. Gani yake shanu da ruga ba abin sawa a takardar Turanci ba ne, shi kuma su ya sani. Sai da Malam ya yi da gaske kafin Dikko ya rubuto labarin wata farar saniyarsu da ta ɓata a daji tana da ciki, aka neme ta aka rasa, ta dawo da kanta da maraƙi a bayanta. Da ya gama karantawa Malam Shitu ya ce a sake karanta masa, ba don gyara ba.

Ana cikin haka ya lura insha'in Habu ya yi kyau da sauri fiye da kima. Wata rana ya ce masa ya maimaita wata jimla, sai ta fito daban da yadda ta fito da farko. Ya ce a sake, ta sake canzawa.

Ya ce, "Dikko, karɓi takardar nan ka karanta mini abin da ke ciki, kada ka ƙara kada ka rage."

Abin da ke takardar cike yake da kurakurai. Ashe Habu da baki yake gyarawa yana tafiya, ya bar rubutun yadda yake.

Malam Shitu ya ce, "Ni ka samu ba na gani. Wanda zai duba ka a Kano idonsa biyu, kuma ba za a kira ka ka karanta masa ba. Daga yau kowa na ɗan'uwansa zai karanta."

Habu ya ji kunya har ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa. Malam bai aika a kira shi ba, amma Turai ta ce duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai ya ji ko muryarsa ce. Bayan kwanaki Habu ya dawo, ya durƙusa ya miƙa wa Dikko takarda. Dikko ya karanta. Kuskure biyu kacal aka samu.

Da aka gama girbi sai Dikko ya zo da magana mai nauyi. Ciyawa ta ƙare, mahaifinsa Malam Maikano zai kora shanu kudu, wajen dazukan Doguwa, kuma ya ce Dikko zai bi su. A ganinsa an gwada boko sau ɗaya bai karɓi yaron ba, shi ke nan. Jarrabawa kuwa saura wata biyu.

Malam Shitu ya kwana da abin. Da safe ya ce wa Turai ta fito masa da babbar rigarsa da ke ƙasan adaka. Ta tsaya tana kallonsa.

Ta ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Ruga."

Ba ta ƙara tambaya ba, ta tafi aron jaki wurin ƙaninta. Habu ya ja akala. Mutanen Kiru da suka daɗe ba su gan shi a hanya ba suka riƙa fitowa suna gaishe shi, yana amsawa yana kiran sunan kowa daga jin murya.

Malam Maikano ya karɓe su da mutunci, aka shimfiɗa buzu, aka kawo kindirmo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, da ka aiko ai da na zo. Amma maganar yaron nan, shanu ba sa jira. Wata uku yana zuwa wurinka, ban ga abin da ya ƙaru da shi ba."

Malam Shitu ya ce, "Gaskiyarka, Baffa, ba a nuna maka ba. Dikko, kawo na saniyar nan. Ka karanta da Turanci, ka juya wa mahaifinka da Fillanci."

Dikko ya fara karantawa. Kafin ya kai rabi matan rugar sun matso, ƙannensa sun kewaye shi. Da aka zo inda saniyar ta shigo da hantsi tana kuka, maraƙi na tangaɗi a bayanta, mahaifiyar Dikko ta ce wallahi haka aka yi. Malam Maikano ya dubi takardar.

Ya ce, "Yanzu wannan duk yana cikin takardar? In an kai Kano haka za su ji?"

Malam Shitu ya ce, "Haka za su ji. Yaron nan ya iya gani, yanzu kuma ya iya faɗa. Wata biyu nake roƙo. A gidana zai zauna, abin da muka ci shi zai ci. In ya faɗi, ni zan sa a rako maka shi har inda kake."

Malam Maikano ya ce, "Mutum irinka ya hau jaki ya zo har nan. Na bar maka shi."

Suka yi wata biyun nan suna aiki safe da yamma. Malam ya sa Turai ta riƙa ƙirga musu lokaci da suyarta: kafin ta kwashe kasko na uku, insha'i ya kammala. Ran tafiya suka hau motar gyaɗa zuwa Kano. Da suka dawo ya sa kowa ya faɗa masa abin da ya rubuta. An ba su zaɓin kan magana, Habu ya ɗauki mutumin da ba zan manta da shi ba, ya rubuta wani mai awon hatsi da ya tsaya kusa da shi a Ƙafin Maiyaki. Dikko ya ɗauki tafiyar da na taɓa yi, ya rubuta ƙaura da shanu.

Sakamako ya iso ta hannun hakimi, da bazara. Ɗan aike ya zo zauren a kan keke ya ce duka biyun sun ci, kuma sunan Dikko na cikin na sama-sama a lardin. Turai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito. Malam Shitu ya sa aka maimaita masa saƙon, ya yi hamdala, sannan ya ce wa Habu ya nemo wanda zai bi sawun rugar Malam Maikano ya kai labari. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya tafi babban masallaci, Habu a dama, Dikko a hagu.

Labari ya bazu. Shekarar da ta biyo baya yara suka zo daga Bebeji da Tudun Wada, har da ɗan wani lebura da ya san shi a Riruwai. Iyaye kan haɗo su da damin dawa ko kaza, waɗanda suka zo daga nesa su kwana a gidajen maƙwabta. Zauren ya yi kaɗan, ƙannen Turai suka kafa rumfar zana a ƙofar gida. Ba duka suke ci ba, kuma ba ya ɓoye wa kowa in rubutunsa bai nuna ba. Kafin a yi shekara goma, an sami malaman makaranta da malaman asibiti da na gona da suka bi ta rumfar nan, har da mace ɗaya, Asma'u, 'yar wani alƙali daga Tudun Wada, wadda ta zama ungozoma.

Dikko ya gama kwaleji aka tura shi koyarwa a ƙasar Doguwa, inda ya cika ajinsa da 'ya'yan Fulani. Habu ya koyar a Kiru har ya zama hedimasta. Shi ne ya ba ni yawancin wannan labari, yana tsoho, a ƙofar gidansa. Ya ce har ya yi ritaya bai taɓa aika takarda ofis ba sai ya sa wani ya karanta masa ita da ƙarfi tukuna.