Mai Tausayin Kifi

Vernice Tolliver na zaune a bakin madatsar ruwa da fatsarta, sanyin Janairu ya sandarar mata da yatsu, bokitinta wayam. Idonta na kan wani baƙo a cikin jan kwale-kwale mai ƙyalli. Dogo ne, ya ba hamsin baya, rigar sanyinsa ko karin ninkin kanti bai sake ta ba. Ba ya kallon ruwa, allon na'urar da ke nuna masa kifi yake kallo. Daga ganinsa, a ofis yake yini, irin wanda ba a taɓa ce masa ya yi kuskure ba.

Yana fizgo kifi daga can ƙasa inda suke taruwa lokacin sanyi, ya ɗauki hoto, ya sumbace shi, ya jefa ruwa. Kowa a nan ya san kifin da aka fizgo daga zurfi cikinsa kumbura yake yi, ba ya iya komawa ƙasa. Ga su nan birjik a bayan kwale-kwalensa, fararen cikkunansu a sama.

Vernice ta ɗaga murya. "Bawan Allah, in ba ci za ka yi ba, miƙo min. Ina da jikoki a gida."

Ya yi murmushi. "Yi haƙuri, Iya. Ni ba na kashe kifi, sakinsu nake yi."

"To waiwaya ka ga tausayinka."

Bai waiwaya ba, ya tada inji. Vernice ta ja tsaki, tana kallon tsuntsaye suna sauka a kan abincin jikokinta.