Ƙoƙon Adama

Ranar da aka kawo mana Shatu ba ta fita raina ba har yau. Cikin shekarun hamsin ne, ina ƙaramin disfensa a wani ɗakin magani kusa da Tudun Wada, ƙarƙashin Malam Sule. Ku yaran yanzu ba ku san disfensa ba. Mu ne likita, mu ne nas, mu ne masu shara.

Shatu 'yar shekara biyar ce daga rugar Fulani, ciwon haƙarƙari ya ci ƙarfinta. Kakarta ce ta goyo ta. Uwar, Adama, ta tsaya can gindin tsamiya ta ba mu baya, don Shatu 'yar farinta ce. Kunya ba ta barinta ko ta kama sunanta.

Muna da ƙwayar maganin ciwon, amma yarinya ta datse haƙora. In na ɗura, ta feso. Wallahi na tsorata, don in ba ta haɗiye ba, gawa za su mayar ruga.

Ana haka kakar ta miƙo mini ɗan ƙoƙo. "Adama ta ce a ba ka. Furen zogale ne ta shanya a inuwa, ta nutsa shi cikin zuma. Da shi take mata maganin tari."

To, dokarmu ba a shigo da maganin gida. Malam Sule ya ga yaran da jiƙo ya kashe, ba ya wasa da wannan.

"Garba, ka san doka."

"Na sani, Malam. Amma ƙwayarmu a ƙasa take ƙarewa."

Ya lakata da yatsa, ya lasa. "Ni dai zuma na gani. Doka ba ta hana abinci ba."

Na daka ƙwaya na cuɗa a ciki. Da ƙamshin ya kai hancin Shatu sai ta buɗe ido ta ce, "Adda?" Haka take kiran uwar. Ta buɗe baki da kanta.

Ranar sallama Adama ta matso, kanta a ƙasa. Ba ta tambayi jikin yarinya ba. Cewa ta yi, "Malam, ƙoƙon nan... an shanye?"

"Tas! Har an lashe."

Ta rufe fuska da gefen zane, tana ɓoye hawayen murna.

Tun daga ranar, in an kawo mini majinyaci, ba na tsayawa kan wanda ya riƙo shi. Sai na leƙa waje na ga wanda ya tsaya nesa.