Hannun Bugu-ɗaya

A wurin aiki babu mai kiransa da sunan yanka. Bugu-ɗaya suke ce masa, shi kuma ya ɗaure fuska don kada a ce yana son yabo. Yana so kuwa, sosai ma.

Sana'arsa duba lafiyar kankare ba tare da an fasa shi ba. Kayan aikin ba su da yawa: ɗan ƙwallon ƙarfe a bakin siririyar sanda, da wani ƙarfe kamar murfin kwalba da ake mannawa a jikin gini, wanda suke kira kunne, sai na'ura mai allo. In an buga ƙwallon, girgizar ta ratsa kankaren ta kai ƙarshensa ta dawo, kunne ya ɗauka. In cikin a cike yake, tsini guda ne zai fito a allo. In akwai kogo ko tsagewa, girgizar takan juyo tun ba ta kai ba, sai tsinin ya warwatse. Amma fa sai bugun ya fita. Ƙwallon ya taɓa ya tashi, shi ke nan. In ya sake taɓawa, allon zai zana maka shirme, kuma shirmen yakan yi kama da na ginin da ya ruɓe.

Da leburanci ya fara, yana riƙe injin da ke huda gini a ciro gutsure a kai ɗakin gwaji. Ya tsani aikin nan, don a ganinsa wulakanci ne ka huda ginin mutum sannan ka ce masa lafiyarsa ƙalau. Ranar da kamfani ya kawo na'urar aka jera ma'aikata kowa ya gwada, bugunsa ne ya fita. Tun daga nan da wannan wuyan hannu yake ci da iyalinsa, har furfura ta cika masa gemu.

Bana hannun ya fara rawa. Mai ɗakinsa ce ta fara lura, da ta ji cokali yana kaɗa kofi alhali ba motsa shayi yake ba.

"Malam, ka je asibiti mana."

"Gajiya ce."

"Wace irin gajiya ce ba ta barin mutum ko ranar hutu?"

Bai je ba. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Sai ya koyi dabaru: ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, ya buga kafin rawar ta farga. Sauran lokaci hannun yana aljihu kamar na sabon attajiri.

Ana haka aka tura shi wani gidan bene na haya, shi da Injiniya, wata matashiya da ta ɗauke shi kamar uba. Mazauna gidan sun ga tsagewa a ginshiƙan ƙasa, inda ake ajiye motoci. An kankare fenti da filasta an bar musu kankaren tsirara. Suna shirya kaya wata mata ta sauko da jariri a kafaɗa, ta ajiye musu ruwan sanyi, ta ce ɗakinta ne a saman ginshiƙin tsakiya, kwanan nan ba ta iya barci.

Injiniya ta zauna a kan bokiti ta ba shi baya, idonta a allo. Ginshiƙan gefe suka wuce lafiya. Suka zo na tsakiya. Ya manna kunne, ya riƙe numfashi, ya buga.

"Baba, sake."

Tunda take aiki da shi ba ta taɓa ce masa ya sake ba. Ya sake. Ya leƙa allon ta saman kafaɗarta, ya ga tsini barkatai kamar haƙoran tsohon zarto. Ya matsa gaba kaɗan ya buga, haka dai ya sake fitowa. Shi kansa ya kasa tantancewa: ƙwallon sau ɗaya ya taɓa, ko kuwa ya ɗan koma? Ginshiƙin ne ba shi da lafiya, ko hannunsa?

"Wannan akwai matsala," in ji ta a hankali. "In haka ne, yau ɗin nan za a fitar da mutane."

Ko juyowa ba ta yi ba. Me zai sa ta juyo? Bugun Bugu-ɗaya ne, ba a tambayarsa. Abin da ya ƙara tayar masa da hankali ke nan. In ya yi shiru, wataƙila a watsa iyalai a titi saboda rawar hannun tsoho. In ya ce kunne ne bai zauna ba, ya lallaɓa ya nemo inda allon zai yi kyau, wataƙila ya bar jaririn nan kwance a kan kogo. Hanya ɗaya ce: wani hannun ya buga. Kuma yana miƙa sandar, asirinsa ya tonu.

Daga sama yana jin ana jan kujera, wani yaro yana gudu, ana kiransa ya zo ya sa takalmi.

"Injiniya, zo ki buga da kanki."

Ta yi dariya. "Ni? Baba, rabona da sandar nan tun muna makaranta."

Ya miƙa mata. Bai manne gwiwar hannu ba, bai riƙe numfashi ba. Sandar ta yi ta kaɗawa a tsakaninsu, ƙwallon yana rawa a gaban idonta. Dariyar ta ɗauke. Ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa, sannan ta karɓa.

Ya riƙe mata kunne da hagu. Bugun farko ta ɓata. Na gaba ya fita ƙwal, shi ma ya ji ya fita. Suka juya ga allon tare. Tsinin nan barkatai, sak irin nasa. Ta canza wuri ta yi ta bugawa, amsar ba ta canza ba.

Hannunsa bai yi ƙarya ba! Daɗi ya ji, daɗi na gaske, har ya kusa murmushi. Sai ya tuna abin da yake murna a kai, kunya ta rufe shi.

"Bugunka daidai ne, Baba," in ji Injiniya, ba ta dube shi ba. "Amma na ga rawar hannun. Dole in faɗa a ofis."

"Na sani, 'yata."

"Bari in kira su, sannan in hau in sanar da mutanen."

"Ki kira. Ni zan hau."

Ya hau matakalar yana dafa bango. Ƙofar matar a buɗe take, tana ninke kayan jariri a kan kujera. Tana ganinsa ta miƙe.

"Sannu da aiki, Baba. Yaya kuka samu?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

"'Yata, kuna da inda za ku kwana yau?"