Kwalbar Maganin Gas a Motar Kawu

Motar da na koyi tuƙi da ita a-kori-kura ce mai shan gas. Fara ce a da, amma ko da ta zo hannuna ta koma ruwan toka. Ta kawuna ce, wan mahaifiyata. Shi ya ɗauko ni daga gona ya zaunar da ni gefensa, ya koya mani aikin bi da bi: a duba ruwa, a duba baƙin mai, a zagaya taya huɗu, sannan a taɓa makulli. In ka tsallake ɗaya, sai ka sauka ka faro daga farko.

Da idonsa ya yi rauni ya bar tuƙi, ni na ci gaba da kwasar hatsi daga Kaikai da Ƙofa, in biyo ta Kusada in sauke a Kankiya. Ina kewar waɗannan shekaru. Kowane manomi da alamar da yake yi wa buhunsa, wani da gawayi, wani da ƙullin jan tsumma, kuma na san su duka ba sai na tambaya ba. Tsofaffi kan hau saman kaya da kajinsu a hannu, su yi ta yi mani faɗa in na faɗa rami. Mata kan gane ƙarar motar tun daga nesa, kafin in iso sun fito bakin hanya da saƙon da za a kai wa 'ya'yansu a gari.

Wata damina motar ta fara ciwo. Da farko ta riƙa ƙin tashi da safe sai an yi ta murza makulli. Daga nan baƙin hayaƙi ya biyo baya. Na uku, ƙarfinta ya tafi, in na yi mata lodi sai ta riƙa jan jiki kamar jakin da ya kwana da yunwa. 'Ya'yan kawu da ke birni suka ce a sayar da ita ga masu yanka mota su auna ƙarfe. Akwai wani mai wannan sana'a a Kankiya, ya zo har gida ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa bodi da zobensa. Gaisuwa kawai na yi mashi na bar wurin.

Bayan ya tafi kawu ya kira ni zaure.

Ya ce, "Ka ji abin da yara suka ce. To ga nawa. Farkon kaka za ka yi mata lodi cikakke daga Ƙofa, ni ina gidan gaba. In ta shiga kasuwar Kankiya da injinta kafin la'asar, ba turi, ba ja da igiya, ta zama taka. In ta kasa, mutumin nan na can na jira, can za mu bar ta."

Na ce, "Na ji, Kawu."

Na kai ta gareji. Makanikenmu ya duba ya ce inji lafiya lau, nozul ne suka toshe, wato 'yan bakunan da ke fesa gas cikin inji. Ya ɗora laifin kan gas ɗin jarka da muke saye a bakin titi, mai ruwa da ƙasa. Ya ce kafin a kai ga kwance su, in gwada maganin da ake zubawa a tanki.

A tasha kowa likita ne. Wani ya ce in zuba kananzir. Wani ya ce man birki, cokali biyu, shi ya ga an yi. Amma mafi yawansu wata kwalba suke ajiyewa bayan kujera, mai hoton fararen duwatsu, suna cewa ita ce ta gaske tunda daga ƙasar waje ta fito.

Na tafi shagon kayan mota na wata mata Kirista daga kudu. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, ita kuma ta daɗe a Kankiya har Hausarta ta fi ta wasunmu kaifi. Madam muke ce mata.

Ta ce, "Direban Kusada, yau kuma mi ya karye?"

"Madam, maganin gas nake so. Mai hoton farin dutse."

Ta yi dariya har da dafa tebur. "Ashe ƙanƙara ke sauka a Kusada ban sani ba? Wannan na ƙasashen da gas ke daskarewa ne saboda sanyi. 'Yan tasharku sun ga ta fi kyau a ido suka kwashe. Na faɗa masu, suka ce mace mi ta sani da mota."

Ta jera mani kwalabe huɗu. Ta ture ta farko gefe, ta ce ta fetur ce, kada ta kusanci tankina. Ta biyu tana maganin ruwan da ya shiga gas. Ta uku santsi take ƙara wa famfon mai. Ta huɗu ita ke wanke nozul. Ta tambaye ni yadda motar ke yi, na faɗa mata daki-daki, ta miƙo mani ta huɗun.

Ta ɗaga yatsu uku. "Saurara, kai da ake cewa ba ka tsallake layi. Ɗaya, ka wanke tanki. Biyu, ka sa sabon filta mai tace gas. Uku, ka zuba magani, murfi ɗaya ga jarka ɗaya. Wannan abu ba ya zaɓen dattin da zai kankare. Duk abin da ya tarar a tanki sai ya tayar da shi."

Ta sa mani filtan a leda ba tare da na nema ba. Na jefa shi bayan kujera.

A nan na yi kuskuren da nake son in rubuta. Gero ya nuna da wuri, kawu ya aiko cewa jibi ne. Sauke tanki aikin yini guda ne, kuma yinin da ya rage na riga na yi wa mutanen Kaikai alkawarin kwashe masu kaya. Na ce a raina, tankin da ya yi shekaru yana aiki, me zai same shi cikin kwana biyu? Na tsallake biyun farko na Madam, na fara da na uku. Kuma ban tsaya ga murfi ba. Tunanin tasha ya shige ni, cewa in kaɗan na aiki, da yawa zai fi sauri. Na juye kwalbar duka.

Washegari motar ta zama amarya. Murza ɗaya ta tashi, hayaƙi ya ragu, na je Kaikai na dawo ina jin daɗin kaina.

Ranar da aka sa, muka yi lodi a Ƙofa da hantsi. Kawu ya shiga gaba da sandarsa tsakanin ƙafafu. Har muka wuce Kusada yana ta karkata kunne wajen inji.

Can ya ce, "Mi ka ba ta?"

"Magani, Kawu."

"Uhm."

Ba mu yi nisa da Kusada ba ta yi tari. Na taka totur, ta amsa, ta sake tari. A karo na uku ta mutu. Na gangara da ita gefen titi kusa da wata gonar wake. Na murza makulli, inji na juyawa amma ba ya kamawa. Tun kafin in buɗe bonet na san abin da na yi.

Kawu ya fita da kansa, ya laluba inuwar wata darbejiya ya zauna. Bai tambaye ni ba, bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

'Yan acaɓa uku suka tsaya. "Direba, mu tura ta?"

Na ce, "Kada wanda ya taɓa ta."

"To fa! Mota ce ko amaryar wani?"

Wani abokin aikina ya zo wucewa da tasa motar, ya leƙo yana kaɗa igiya. "Ɗaura mu tafi, malam. Tsohon ba gani yake ba."

Daga inuwa kawu ya ce, "Amma yana ji."

Abokin nawa ya ja motarsa ya wuce yana dariya.

Azahar ta kusa. Na tsaya na tsara aikin a kaina yadda ya kamata in yi shi tun farko. Na je wani gida da ke bayan gonar na yi sallama, maigidan ya aro mani manyan robobin wanki biyu. Na kwanta ƙarƙashin mota na kwance noti na gindin tanki. Abin da ya fara fitowa ba gas ba ne. Wani baƙin kauri ne kamar an dama daddawa, yana zuba guda-guda. Sai da roba ta kusa rabi sannan mai na gaske ya biyo.

Kawu ya ce in kawo mashi. Ya tsoma yatsa biyu, ya murza, ya kai hanci. 

Ya ce, "Baƙin mai ne. Duk shan mai sai na zuba mata gwangwani guda na wanda aka juye daga inji, don famfo ya yi santsi. Haka maigidana ya koya mani, haka kowa ke yi a lokacinmu. Ashe can ƙasa yake kwanciya."

Ban taɓa ganin ya yi ba, domin lokacin da yake tuƙi shi ke zuwa shan mai shi kaɗai. 

Ya ce, "Dattin nawa ne. Gaggawar taka ce. Je ka ci gaba."

Na cire singiletina na ɗaure a bakin mazurari, na tace gas ɗin sau biyu. Na ɗauraye tankin da kaɗan daga cikinsa har ya fito garau, na ɗaure noti, na mayar da sauran. Muka yi azahar a nan bakin gona, hannuna na warin gas duk da toka da sabulun da maigidan ya ba ni. Bayan sallah na ɗauko filtan Madam na sa. Tsohon filtan da na cire ya yi nauyi kamar dutse.

Saura fitar da iska. Injin gas in ya sha iska ba ya tashi sai an sassauta notin bututu, mutum ɗaya na murza makulli, ɗaya na kallon kumfa har ta ƙare. Aikin mutum biyu ne, kuma 'yan acaɓa sun daɗe da tafiya.

Kawu ya dogara sanda ya miƙe. "Kai ni sitiyari."

Rabonsa da wannan kujera an yi shekaru. Hannunsa ya sami makulli ba tare da lalube ba.

Na ce, "Murza, Kawu." Kumfa ta fito. "Tsaya. Sake." Ta sake fitowa. A karo na huɗu gas ya feso tsantsa, na ɗaure noti da sauri, inji ya yi gyatsa sau biyu ya kama. Kawu ya ɗan taka totur kaɗan, ya saki, ya sake takawa, kansa a sunkuye. Na bar shi ya yi iya son ransa, ko da yake rana na tafiya. Sannan na mayar da robobin mutane, na karɓi tuƙi.

Mun shiga kasuwar Kankiya ladan bai kira la'asar ba, amma mutane sun fara alwala. Mai yanka motoci na zaune kan benci kusa da masu awo. Da ya hango mu ya taso yana gyara hula.

"Baba, sannu da hanya. Na ji an ce ta kwanta maku."

Kawu ya ce, "Ta kwanta, ta tashi. Ka tambayi mai ita ko zai sayar."

Mutumin ya dube ni. Na ce mashi a'a, na juya na fara kwance igiyar lodi.

Ta yi mani aiki shekaru bayan haka, har bayan rasuwar kawu. Da ita na ɗauki mutanen Kaikai da Ƙofa suka zo gaisuwa, sawu biyu.