Ranar da Seah Mai Kofi Ya Buɗe Baki

Shekara arba'in da ɗaya Seah Kim Poh ya yi yana kai wa mutane kofi a shagon da ke ƙasan benenmu a unguwar Toa Payoh. Rumfar taliyata tana gefensa, don haka na san shi fiye da yadda nake so. Aji uku ya yi a makarantar Sinawa ya bari. Bakinsa kuwa dafa-duka ne: Hokkien, yaren Sinawa na uwarsa, Malay da ya tsinta a wurinmu, zagin Tamil na direbobin bas, sai Turancin da ya karya wa ƙafa, kowace magana kuma sai ya ɗora mata "lah" a ƙarshe. 'Yan boko suna kiran wannan Singlish. Mu dai magana muke ce mata.

Bai taɓa riƙe biro ba. Zai zagaya teburi takwas, ya tsaya a tsakiya ya kwarara wa mai haɗa kofi duk abin da aka ce. Wanda ya saba zuwa ma ba ya tambayarsa.

'Yarsa Pei Shan tun tana ƙarama take jin kunyar bakinsa. Ban ga laifinta ba, haka malamansu suka koya musu.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Mako uku a asibiti bai ce uffan ba. Kullum wata ma'aikaciya, baƙuwa a ƙasar, takan zo da hotuna ta yi masa tambaya da Turancin littafi, shi kuma ya zuba wa bango ido. Pei Shan ma da irin Turancin take lallashinsa. Aka ce mata wataƙila ƙwaƙwalwar ta tafi. Ta samo gidan tsofaffi, Litinin za ta sa hannu.

Ranar Asabar da hantsi na je dubiya. Ban iya lallashi ba, sai na yi masa irin ta shago.

"Kai tsohon malalaci! Kana kwance kamar busasshen kifi, wanda aka sa a gurbinka ruwan wanki yake ba mu."

"Gwaggo Salmiah, a hankali," in ji Pei Shan. "Ba ya ganewa."

Ban kula ta ba. Na buga ƙarfen gadon na ce, "Kopi-o kosong ɗaya, da sauri!" Wato baƙin kofi, ba madara ba sukari.

Sai ya juyo da kai. Bakin a karkace, maganar tana fita da ƙyar.

"Ke? Ba sukari? Ƙarya, lah. Madara cokali biyu. Likita ya hana, kina sha."

Pei Shan ta zauna daɓas a kujera. Can ta matso ta ce, "Baba, ka gane ni?" Wannan karon da bakin shago ta faɗa, ashe ba ta manta ba.

"Na gane ki mana. Me ya sa kike min magana kamar mai karanta labarai? Na ɗauka kun gama da ni ne."

Na fita na ba su wuri, don ba na son kallon kukan manya.

Ba a sa hannun ba. Yana gidan Pei Shan yanzu. Hannun hagu bai dawo ba, kuma ba zai ƙara ɗaukar faranti ba, amma yana zagin kowa yadda ya kamata. Ita kuma ta kai wa ɗana rahoton madarar, shi ya sa yanzu baƙin kofin nake sha da gaske.