Zulaihatu Mai Kiwon Fure a Kwalba Ta Kwanta Dama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Zulaihatu Mika'ilu Tsanyawa a wani asibiti a Kano, bayan jinyar ciwon ƙoda. Aka kawo ta gida, aka yi mata sutura bayan la'asar.

Zulaihatu, ni ɗan baffanki ne, gida ɗaya muka tashi, don haka ba labari aka ba ni ba. Kin karanci ilmin tsirrai har digiri na biyu, aka yi miki tayin aiki a birni, kika ce a gida za ki zauna. Kika share tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa, kika cika shi da kwalabe. Ki yanko toho bai kai ƙwayar dawa ba, ki wanke shi da magani, ki ɗora shi kan wani abinci mai kama da daskararren kunu cikin kwalbar da kika dafa, ki toshe. Kafin a jima toho ɗaya ya zama goma, goma su zama ɗari. Haka kika yaɗa itacen kariya mai jan fure. Haka kika ceto albasar kwaɗi, mai farin furen nan da muke tsinka muna yara, bayan garma ta cinye fadamar da take fitowa. In dashen ya yi ƙwari, ki raba wa matan unguwa su raina a inuwar darbejiya, a kai wa masu sayar da furanni a Kano. Khairiyya, wadda miji ya rasu ya bar mata marayu, da wannan ta riƙe gidanta.

To, akwai kuma waɗanda dole in ambata, tunda sun fi kowa share hawaye a gaban makararki.

Alhaji Hashimu, shugaban ƙungiyar raya garinmu, shi ya tsaya a bainar jama'a ya ce miki, "Mutane na neman gero, ke kina kiwon fure a kwalba? Kaico da wannan boko!" Majalisarsa ta kwashe da dariya, aka yi ta yaɗa cewa tsafi kike yi. Wutar sola da kika roƙi ƙungiyar don sanyaya ɗakin, har kika koma ga Allah tana nan tafe.

Amma da labari ya kai birni, baƙi suka ce za su zo da masu ɗaukar hoto, sai ga Alhaji da babbar riga ya shige gaba, wai aikin ƙungiya ne. Kika ce masa, "Alhaji, don Allah kada a buɗe, iska kaɗai tana kashe su." Ya ce, "Yarinya, a gona aka haife ni." Ya yi ta cire murafe yana shanshanawa, yana tsoma yatsa, ana ɗaukarsa hoto. Ba a rufa mako ba fumfuna ta baibaye kwalaben, rabin irin albasar kwaɗi ya ruɓe. Na same ki kina kwasar ruɓar kina wanke kwalabe, idanunki sun yi ja. Abin da kika ce kawai, "Yaya, miƙo mini sabulu." Shi kuwa hotonsa yana nan rataye a zaurensa, yana murmushi da gawar aikinki a hannu.

Kin kwanta asibiti tun farkon bazara. Motar Alhaji Hashimu ta sha wuce ƙofar asibitin, ba ta taɓa sanin hanyar shiga ba. Amma ranar jana'iza shi ne a sahun gaba, yana fyace hanci, yana cewa gari ya yi rashin 'yarsa. Ranar sadakar uku ya miƙe ya yi jawabin da ba wanda ya nema, ya ce shi ya fara gane baiwarki. Ko tabarmin makoki ba a naɗe ba ya shiga gaida mahaifiyarki, Inna Asiya, ya ce a ba ƙungiya makullin ɗakin, za su kula da amana, su kafa allo da sunanki a ƙarƙashin nasu.

Inna ba ta ko ɗago kai daga carbinta ba. Ta ce, "Alhaji, makulli yana hannun Khairiyya, ita marigayiya ta koya wa. In taimako ka zo yi, ga kwalabe can a tsakar gida suna jiran wanki." Ya dubi hannun rigarsa, ya dubi kwalaben, ya tuna yana da taro a Ɗanbatta.

Allah Ya jiƙanki, Zulaihatu. Ya sanyaya makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya saukar da ke a lambunan Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Asiya, da mijinki Malam Yahya, da 'ya'yanki Fauziyya da Uwaisu, da matan da kika koya wa sana'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya tsare gawarmu daga hawayen masu jawabi. Amin.