Hoton Janar a Ɗakin Kakana

Jiya ina kwashe kayan marigayi kakana a Umdurman, na tarar da hoton wani janar ɗan Sin, takobi a ƙugu. Ɗan janar ɗin, injiniyan da suka yi aikin gini tare a Khartum, shi ya bar masa.

Kullum in kakana ya ba da labarin janar ɗin, sai ya canza. Yau janar ya ceci gari, gobe shi ya ƙone shi. Wata rana yana shan jabana, gahawar Sudan, ɗakin duk ƙamshin citta, na ce, "Kaka, mutumin kirki ne ko mugu?"

Ya daɗe yana kallon hoton. "Wallahi ɗansa ma bai sani ba. Amana dai ya ba ni."

Ga ta yanzu a hannuna, ban san wa zan mayar wa ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Kaka.